Wasan Bin Tauraro da Takardar Naɗe Nama

Shekaru sun yi nisa da faruwar abin nan, har na ɗauka ya kwanta ke nan, sai ga jikata ta tono mini shi ba da saninta ba. Na same ta ta duƙufa a kan waya tana ta dangwale-dangwale, na fara yi mata irin faɗan da tsofaffi ke yi, ta ce ba hira take ba, wasa ne na ilimi. Wai akwai wani babban kundin sani a intanet, sai a ba ka maƙala biyu da ba su haɗa komai ba, a ce ka tashi daga ta farko ka isa ta biyu, kuma ba ka da hanya sai latsa shuɗɗan kalmomin da ke cikin rubutun, kowace ta jefa ka wani shafi. Tana yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa wanda aka fid da rai da ƙwaƙwalwarsa. Na bari ta gama, na ce mata mun yi wannan wasa tun uwarta ba ta zo duniya ba, kuma a Tanut, babu waya babu intanet. Ta yi dariya. Ni ban yi ba, don wasan nan ne ya raba ni da aboki.

Mu mutanen Damagaram ne, aiki ne ya kai mahaifina Tanut, yana magatakarda a ofishin kumandan, wato mai mulkin garin. Shekarar da nake magana ina ajin ƙarshe na kwaleji, muna jiran jarrabawar BEPC. A bayan ofishin darakta akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, kuma dukiyar ɗakin kaf ita ce wani jerin manyan littattafan Faransanci masu jan bango, da wani Bature ya bari da zai koma ƙasarsu. Kundin sani ne, juzu'i-juzu'i, an jera komai na duniya bisa haruffa. In kana karanta bayanin wani abu, za ka ga wasu kalmomi da ɗan tauraro a gefensu, alamar ita ma kalmar tana da nata bayani a wani wuri. Malaminmu na Faransanci, wani saurayi da aka turo bautar ƙasa, shi ya nuna mana amfanin tauraron don mu ƙara karatu. Mu kuwa muka mai da shi wasa. Ni ya damƙa wa mabuɗin ɗakin, ba don na fi kowa hankali ba, sai don in wani abu ya ɓace an san ƙofar gidanmu.

Dokar wasan ba ta da wuya. Alƙali, wato duk wanda ya fi kowa baki a ranar, shi zai faɗi abu biyu. A ce daga gyaɗa zuwa jirgin ƙarƙashin teku. Sai ka buɗe gyaɗa ka karanta, ka zaɓi wata kalma mai tauraro, ka je ka cicciɓo juzu'in da take ciki, ka sake karantawa, ka sake zaɓa. Ba a yarda ka buɗe inda tauraro bai aike ka ba. Duk tsalle ɗaya alƙali ya ajiye maka tsakuwa, mai ƙarancin tsakuwa shi ya ci. Muka sa wa wasan suna bin tauraro. Shafukan da hanyoyi ke yawan haɗuwa a kansu, irin Faransa da Turai da teku, muna ce musu tasha. Waɗanda kuwa babu tauraron da ke kai mutum gare su, muna ce musu kufai.

Ni ɗan tasha ne. Ko ina aka aike ni sai na bi ta Faransa, sai ka ce ina da gado a can. Abokina kuwa ba ruwansa da tasha. Dogo ne siriri, ba ya magana sai an matsa masa, daga wani ƙauye can arewa wajen Tenhya. Ranar gyaɗar nan, ina can ina fama da kogunan Turai, gumi na keto mini, shi ya bi daga gyaɗa zuwa mai, daga mai zuwa injin gazuwal, wato dizal, daga nan sai ga shi cikin jirgi. Ya rufe littafi ya ce, "Ɗan birni, in ka gama gaishe da dangin naka a Faransa ka same ni a waje." Ban taɓa cinsa ba, ko sau ɗaya, kuma abin yana ƙona mini rai fiye da yadda ya kamata.

Shi ne na farko a ƙauyensu da ya taɓa kaiwa kwaleji. Kamar sauran ƴan ƙauye, an damƙa shi hannun mai masauki, wani tela da ya san mahaifinsa, yana kwana a zaurensa. Burinsa ɗaya ne, kuma kowa a ajin ya san shi: ya ci BEPC, ya shiga makarantar horon malamai inda gwamnati ke ciyar da ɗalibi, ya fito ya riƙe gidansu. Malamai ba sa ko tantamar zai ci. Abin da ya rage kawai ya kai ranar yana cikin makaranta.

Shekarar ita ce ta tamanin da huɗu, wadda damina ta ƙi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, ƙasar Damargun nan tamu, da ake zuwa awo daga nesa, ta koma neman abin sa wa a baki. Abin da ya fi tsaya mini a rai a lokacin shi ne hatsi ya yi tsada, nama kuma ya yi arha. Makiyaya suna kawo shanun da ba sa iya tsayuwa, mahauta suna saye a wulaƙance, suna yankawa kafin su mutu. Gari ya cika da ƙaurin gashi, mutane kuma suna kwana da yunwa. A bakin tasha direbobin manyan motoci masu zuwa Agadas da Arlit su ne masu sayen naman. Takardar naɗewa ce ta yi wa mahauta wuya, don gini ya tsaya, babu buhun siminti.

Wata ranar Juma'a mahaifina ya aike ni sayen gasasshen nama. Mahaucin ya naɗe mini a wata takarda mai kauri, mai santsi, ba irin wadda aka saba ba. Ina tafe maiƙo ya ratsa ta, na duba, sai ga hoton wani ƙwaro, ga ƙananan rubutu layi biyu, ga ɗan tauraro a gefen wata kalma. Na tsaya cak a tsakiyar hanya. Takarda irin wannan babu ta a duk faɗin Tanut sai a ɗakin da mabuɗinsa ke aljihuna. Kuma mutum ɗaya nake bar wa mabuɗin kullum da tsakar rana, in zan tafi gida cin abinci, wai yana bitar karatu.

Washegari na tare shi a bayan aji, na miƙa masa takardar, har yanzu tana ƙamshin yaji. Raina a ɓace yake, na tanadi zagi iri-iri tun daga gida. Ya karɓa ya duba gaba da baya.

"Kufai ne," ya ce. "Duk abin da ke kan fallen nan, babu tauraron da ke zuwa wurinsa. Na duba."

"Kai, kana da hankali kuwa? Ni ba tauraro nake tambayarka ba! Kayan gwamnati ne, a hannuna suke. In aka gane korarka za a yi."

"Na sani."

"To don me?"

Ya ninke takardar ya ba ni. Ya ce, "In an tashi da yamma kar ka tafi gida."

Ya kai ni bayan gari, inda mutanen ƙauyuka suka yi sansani da tabarmi da tsummoki. Na sha ganin wurin daga nesa, ban taɓa shiga ba. A nan na tarar da mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu. Mahaifinsa ya kora abin da ya rage na shanu ya yi kudu tun kaka, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Telan da ke riƙe da shi tuwo sau ɗaya yake iya ba shi a yini, wannan tuwon ne yake kawo musu, tare da abin da mahaucin ya ba shi a bakin takarda. Na durƙusa na gaishe da mahaifiyar.

"Sannu ɗana, kai ne ɗan gidan magatakarda?" ta ce. Shi kuwa ba ta dube shi ba, ba ta kuma kama sunansa ba, ɗan fari ne. "Don Allah ka yi mini godiya wurin darakta. Kullum sai ya ba yaron nan nama, wai don yana ƙoƙari a karatu. Allah ya saka masa."

Na ce, "Zai ji, Inna."

Magariba ta kawo kai muna zaune. Ƙaramar ƙanwar, wadda ba ta wuce shekara biyar ba, ta tashi za ta je wurin uwarta, sai na ga tana laluben iska da hannu, ta yi tuntuɓe da ƙwarya. Ga haske bai gama ɗaukewa ba. Abokina ya ja ni gefe, ya zaro wani falle daga aljihun rigarsa, ya sha ninki har ya yi laushi. Ya ce ba ya ba mahauci falle sai ya karanta shi tukuna, kuma a cikin karatun ne ya ci karo da wannan, a harafin X, can ƙarshen juzu'in ƙarshe. Wani ciwon ido ne da rashin wani sinadari a abinci ke kawowa. Da dundumi yake farawa, sai ido ya bushe, sai ya yi fari, in ba a tare shi ba ya tsiyaye. An lissafa abincin da ke maganinsa.

"Madara da man shanu sun bi shanun," ya ce. "Saura hanta. Hanta kuma direbobi na sonta, mahaucin ya ce sai na ƙara takarda."

Ban sake yi masa faɗa ba. Na gaya wa mahaifiyata halin da suke ciki, ban da zancen takarda, takan ɗan ƙulla mini jar dawar taimako in kai musu in an samu. Amma gidanmu ma ya cika da dangi da suka taho daga ƙauyuka, ana raba tuwo da ido. Don haka na shiga aikin. Na daina zuwa gida da rana sai a makare. Ni ke tsaron ƙofa, shi ke bi da reza, a hankali, dab da ɗinki. Kafin ya yanke falle sai ya karanta shi gaba da baya, leɓɓansa na motsi, kamar mai sallama da mutum.

Da farko muna da kufai da yawa. Sunayen ƙwari, ƙananan garuruwan Turai, limaman coci da suka mutu tun tuni. Da bazara ta shigo suka ƙare. Muka koma kan ƙananan hanyoyi, waɗanda shi kaɗai ke bi. Wata rana ya ɗago ya tambaye ni, "Ɗan birni, tsakanin Ostireliya da ilimin taurari, wanne za ka iya rayuwa babu shi?" Muka yi dariya, muka yanke Ostireliya. Ni kuma na ƙwace alƙalancin wasan da ƙarfin baki, ina zaɓar wa yara kalmomin da na san hanyarsu tana nan. In wani ya doshi inda muka yi ɓarna, sai in ce lokaci ya cika, ko in ƙirƙiro wata doka nan take. Aka riƙa cewa na fiye son mulki, na kuwa karɓi sunan hannu bibbiyu.

Muna ganin mun gama dabara. Duk tunaninmu a kan hanyoyi yake, wace ta mutu, wace ke da rai, wa zai bi ta ina. Mun daɗe muna shiga littattafan nan ta tauraro har muka manta cewa sauran mutane ba haka suke shiga ba. Mai neman kalma buɗewa kawai yake yi a harafinta.

Saura ƴan makonni jarrabawa, wata rana da tsakar rana muna zaune mu biyu a ɗakin, sai ga malamin Faransanci ya shigo da baƙo. Manjo ne, wato babban ma'aikacin jinya na asibitin garin, shi ma saurayi, idanunsa sun yi ja don gajiya. Ya ce yaran sansani na ta ciwon ido, yana shafa musu man da yake da shi, ba ya yi. Wata likita Baturiya da ta ratsa za ta Agadas ta duba yara biyu a tsaye, ta rubuta masa wata kalma a bayan kwalin taba, ta ce za ta aiko da magani, har yau shiru. Yana son ya ga ko littafin ya san kalmar. Ya miƙa wa malam kwalin. Daga inda nake zaune na hango harafin farko, X ne.

Malam ya ɗauko juzu'in ƙarshe ya buɗe. Ya yi gaba, ya dawo baya, ya sake yin gaba.

"Ina harafin X ya tafi?"

"Gara ce, Mushe," na ce. Haka muke kiran malamai. Ƙaryar nan na daɗe da tanadinta, ta fito sumul.

Ya sa yatsa ya shafa gindin shafukan, inda reza ta bi santal. Ya ɗaga littafin ya ji nauyinsa a hannu. Ya dube ni, ya dubi abokina, ya daɗe yana kallon wuyansa da ya fito daga riga kamar sanda. Sai ya rufe littafin ya mayar da shi wurinsa.

"Gara," ya ce. "Lalle garar garin nan ta iya aiki. Manjo, ka yi haƙuri, babu."

Mun tsira ke nan. Wallahi har na fara jin iska na shiga ƙirjina. Amma manjo bai tafi ba, ya zauna a bakin benci ya dafe kai.

"Jiya idon wani yaro ya tsiyaye a hannuna," ya ce, ba da kowa yake ba. "Uwar na tambayata me za ta ba ƙanensa kar shi ma ya bi, ni kuma ina shafa masa man da na san ba ya komai. Ga wasu nan da yawa a layi."

Na sa ƙafa ta ƙarƙashin tebur na taka ta abokina, na danne da ƙarfi. Ya zare tasa a hankali. Ya miƙe, ya sa hannu a aljihu, ya fito da fallen, ya warware shi a kan tebur, ya goge shi da tafin hannu.

"Ga shi, Manjo. Hanta za a ba su."

Manjo ya sunkuya yana karantawa da yatsa, bai ma lura da abin da ya faru a ɗakin ba. Malam ya juya ya fuskanci taga. Da suka fita na kama rigar abokina kamar zan yaga ta.

"Don me ba ka faɗa da baki ba? Ka ce ka taɓa karantawa, shi ke nan!"

"Wa zai ɗauki maganar ɗan lakwal, ɗalibi kawai, a kan idon ƴaƴan mutane?" ya ce. "Kuma shi ma sai ya nuna wa na sama da shi. Baki ba ya nunuwa."

Haka kuwa aka yi. Manjo ya ɗauki fallen ya tafi wurin kumandan, don a sa mahauta su riƙa ware hantar kowace dabba da aka yanka a kai asibiti. Kumandan ya amince, ya ba da umarni a ranar. Sannan ya juya takardar, ya ga gefen da aka yanke, ya tambayi inda ta fito. Manjo, da zuciya ɗaya, ya ba shi labarin yaron kirki da ya fito da ita daga aljihu. Zamanin soja ne, taɓa kayan gwamnati ba abin wasa ba ne. Aka turo mutum biyu su duba littattafan, ɗaya daga cikinsu mahaifina.

Da ya dawo gida bai dake ni ba, da ma ya daka. Ya kira ni ɗakinsa ya ce, "Mabuɗin ka manta shi a aji, abokinka ya ɗauka ba da saninka ba. Abin da na rubuta ke nan."

"Ba haka aka yi ba, Baba. Tare muka yi."

"Na sani. Leƙa tsakar gida ka ga bakin da ke ci daga albashina, sannan ka dawo ka gaya mini yadda aka yi."

Duk da haka, ranar da malamai suka zauna a kan maganar, aka shigo da mu, na miƙe na ce da ni aka yi. Darakta ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Zauna, ba a kira ka ba." Aka tambayi abokina ko gaskiya nake faɗa. Ya ce, "Bai san komai ba, Mushe. Ɗan birni ne, gida yake tafiya cin abinci." Malamin Faransanci ya roƙa a bar shi ya zauna jarrabawar ko da daga waje ne, tunda an riga an aika sunansa. Aka ce umarni daga sama ya zo, kuma rashin kai shi gidan kaso ma sassauci ne, saboda amfanin da fallen ya yi. Aka kore shi.

Bai iya gaya wa mahaifiyarsa ba, matan sansani ne suka gaya mata. Na je sau ɗaya bayan haka, gaisuwata kawai ta amsa. Ba a yi kwana nawa ba suka sami wata motar da ta sauke hatsin taimako za ta koma kudu, suka hau. Na je tasha, muka yi musabaha, ya ce in daina bi ta Faransa. Ranar jarrabawa teburinsa na nan da lambarsa da alli, mai tsaron da aka turo daga Damagaram ya kira sunansa, ya sake kira, ya wuce. Ni na ci, da ƙyar.

Na ji daga bakin manjo cewa idanun yara da dama sun dawo kafin maganin Baturiya ya iso. Wasan kuwa ya mutu, aka sa wa ɗakin sabon kwaɗo.

Sai bayan shekara ashirin da wani abu na sake ganinsa. Na zama mai duba makarantun firamare, aiki ya kai ni Belbeji ranar kasuwa. A layin masu guga da igiya na ji an ce, "Ɗan birni." Ya tsufa fiye da ni nesa ba kusa ba, haƙoransa na gaba sun zube. Ya shimfiɗa mini buhu, ya aika aka kawo shayi. Mahaifinsa bai dawo ba. Mahaifiyarsa ta rasu. Ƙaramar ƙanwar ido ɗaya ya tsira, tana aure a Tarka da ƴaƴanta. Ya ba ni labarin nan duka ba tare da ƙorafi ba, yana yi yana tufka igiya. Da na tashi tafiya sai ya riƙe hannuna.

"Akwai abin da na daɗe ina son in tambayi wani. Ran nan me aka tambaye ku?"

"Ran yaushe?"

"A jarrabawar mana. Tarihi da labarin ƙasa musamman. Na sha kwanciya ina cankar abin da ya fito."

Na tuna zafin ranar, na tuna alƙalamina ya yi ta zubar da tawada, na tuna teburinsa. Tambaya kuwa ko ɗaya ta ƙi zuwa. Da na ƙirƙiro masa wata da ya yarda, amma na kasa.

"Wallahi na manta."

"Duka?"

"Duka."

Ya gyaɗa kai, ya saki hannuna, ya ce ba komai. Wani mai neman guga ya tsaya, ya juya wurinsa.

Ba ni da wani darasi mai daɗi da zan ba ku a kan wannan. Na sha jin masu cewa duk wanda ya yi abin kirki zai gani tun a duniya, ba na musu da su, amma ba na sa baki. Da takardar jarrabawar nan na ci abinci har na yi ritaya, na gina gida, na aurar da ƴaƴa. Korar da aka yi masa na daɗe da haɗiye ta, don na girma na ga yadda ofis yake aiki. Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne wannan "duka" da ya tambaya, da yadda fuskarsa ta yi. Har yau in na tuna kunya nake ji, da baƙin ciki.

Da na koma Damagaram na shiga neman takardar tambayoyin shekarar. Ba a ajiye irin waɗannan abubuwa da kyau, na daɗe ina bin tsofaffin malamai gida-gida kafin wani ya zaƙulo mini ita daga ƙasan akwati, ta yi ja, ɓera ya ci gefe. Na saka ta a ambulan, na jira wani aikin ya sake kai ni Belbeji. Na tarar da wani mutum daban a rumfar. Ya ce ai mai igiya ya rasu tun kafin azumi, tari ne ya kwantar da shi. Na zauna a kan buhun na buɗe ambulan ɗin na karanta daga sama har ƙasa. Babu tambaya ɗaya a ciki da za ta sa ya ɗaga kai ya yi tunani.